Ƙirga Mutanenka

Asubar Laraba, ladanin Bagalam bai sauko ba
muka fito daga lakwal da bindigogin katako,
jarkar ruwa ɗaya, taswira mai ninki huɗu.
Sarjan Arzika ya danƙa mini mutum tara,
ya ce: Tunau, yau kai ne idonsu, kai ne bakinsu.

Gulbin Maradi ya janye, ya bar rairayi da sawun shanu.
Can ƙetare, gindin gawo, wajen lambunan Sumarana,
an kafa jan ƙyalle,
ƴan ajin gaba na gadinsa.

Na tsuguna, na zana da tsinke:
Barmo da mutum uku su bi gonar taba, su tada ƙura,
saura mu ja ciki ta kwazazzabo.
Kada in ji ko tari.
Allurar kamfas na rawa, gwiwata na taya ta.

Ƙarangiya ta cika mana wando.
Wani tsoho mai ban ruwan albasa ya dafa ƙugu,
ya ce: Samari, wa ya ci muku gona?
Ba wanda ya tanka. Dariya ta maƙale mana a wuya.

Dabara ta ci.
Masu gadi suka bi hayaniyar Barmo,
ni na zabura, na fizge ƙyallen,
na ɗaga shi sama har hammatata ta yi ƙara.

Sarjan bai tafa ba.
Ya tofar da asuwaki, ya ce: Ƙirga.
Na ƙirga. Takwas.
Na sake, har da yatsu. Takwas.

Muka koma kan sawunmu.
Ga Mantau a kwazazzabo, rungume da jarka,
ƙayar aduwa ta huda takalmi ta shige diddige,
ya ciji hularsa, hawaye na bin haɓa.
Na ce: Don me ba ka kira ba?
Ya ce: Kai ka hana tari.

Sarjan ya karɓi jan ƙyallen daga hannuna,
ya yaga shi biyu, ya ɗaure ƙafar.
Ya ce: Ga amfanin tutarka.
Sunanka Tunau, ka manta Mantau.

Ni na goya shi har bakin kwalta,
rana a ƙeya, numfashinsa a kunnena.
Yaro ne siriri kamar karan dawa,
amma ban taɓa ɗaukar abu mai nauyinsa ba.

Har yau, ko fura za mu sha,
sai na bi kawuna da ido,
leɓena na motsi.