Littafin Graciete

Shekara goma sha ɗaya ciwon nan yake zuwar mini
kamar mai bin bashin da bai iya sallama ba:
ɓarin kai na hagu, can bayan ido,
sai fitilun kasuwar kifi ta Matosinhos su zama allurai.

Likita Anselmo bai ƙara mini ƙwaya ba.
Ya ce, sayi littafi, Graciete, ki rubuta komai.
Na yi dariya.
Ni da ko cinikin sardin a ka nake riƙe shi?

Na dai saya, mai shuɗin bango.
Talata: tashi huɗu saura kwata, baƙin kofi, burodi, iskar teku.
Lafiya.
Alhamis: cukun tumaki, cacar baki da Abílio kan kuɗin ƙanƙara.
Lafiya lau, abin haushi.

Na tuhumi cuku, na yi masa yaji wata guda.
Ciwo ya zo.
Na tuhumi hazon da ke tasowa daga tashar jirage,
na tuhumi man suya, na tuhumi farin wata,
na tuhumi turaren maƙwabciyata Ilda
har gaisuwata ta gajarta,
Allah ya yafe mini.

Shafuka suka yi ƙarni.
Ɓawon kifi ya manne a tsakiyar Maris.

Jikata Leonor ce, 'yar shekara tara,
ta ɗauki jan biro tana wasa,
tana zagaye ranakun da na rubuta "duhu".
Ta ɗago ta ce, Kaka, ai duk Litinin ne.

Litinin!
Ranar da kasuwa ke rufe,
ranar da nake barci har hantsi ya dubi ludayi,
ba kofin asuba, ba gaggawa,
ranar da nake kira tawa.
Ashe da ɗan gari akan ci gari.
Ina ta jifan baƙi,
ɓarawon yana kan matashina.

Yanzu ko Litinin ƙarfe huɗu nake tashi.
In ɗora kofi, in zauna bakin taga
ba inda za ni,
ina kallon tsuntsayen teku suna jiran jiragen da ba su fita ba.

Bai daina zuwa ba, kada in yi ƙarya,
sai dai biyar ta koma biyu.
Cuku ya dawo tebur.
Na kai wa Ilda waina mai kirfa,
ban gaya mata dalili ba.

Littafin yana nan a buɗe.
Akwai wata Juma'a a watan Mayu
da har yau ba ta amsa laifinta ba.