Tukunya Biyu

A tudun da ke bayan Lima,
inda ruwa ba ya zuwa daga sama, sai dai a mota,
matakala ɗari uku da sha ɗaya ce
tsakanin ƙofata da bakin kwalta.
Na ƙirga su ranar da muka hau da tukunyar iska,
ni a gaba, ɗana Wilmer a baya,
koren ƙarfe mai nauyin gawa.

Keken hayar Eleuterio muka sayar muka saye ta,
mai ƙafa uku, mai zanen tsuntsu a goshi.
Kwana biyu a layi kafin a cika ta.
Dare huɗu mijina yana shaƙar kekensa.
A na biyar ya bar mana saura.

Sai aka rufe gari kamar akwati.
Mai ci daga hannu zuwa baki
aka ce ya wanke hannun, ya zauna gida.
Fararen ƙyallaye suka tsiro a kan rufin kwano,
zanen gado, rigar makaranta, tsumma,
duk maganarsu ɗaya:
yau gidan nan ba a ɗora ba.

Teodosia ce ta fara, mai ɗingishi, mai kaifin baki.
Ta jawo tukunyar da ta ciyar da unguwa ran sunan jikanta,
ta kafa duwatsu uku a gindin matakala,
ta ce, "Kowa ya kawo abin da ya rage masa,
ko da kunyarsa ce."
Na kawo albasa biyu.
Zenobia ta kawo gishiri a murfin kwalba.
Tsoho Melquiades ya ciro ƙyauren banɗakinsa
muka faskara.

Ni aka ba littafi, don na yi aji shida.
Kwano tamanin ranar farko,
ɗari da arba'in kafin wata ya mutu.
Mai sol ɗaya ya ajiye, marar shi ya ɗebo ruwa.
Ƙafafun kaji, dankalin da kasuwa ta tsame gefe,
shinkafa ƙirgaggiya kamar maganin asibiti.
Mun yi faɗa, kada a ce ba mu yi ba.
Na ce ludayin Zenobia yana ƙara zurfi
in danginta ne a layi.
Kwana tara ba ta gaishe ni ba,
amma ko sau ɗaya ba ta fasa zuwa fere ba.

Da aka buɗe gari, rediyo ya ce
arzikin ƙasa ya tashi da kashi kaza.
Na leƙa tukunya, ƙashi na gani.

Namu tashin ba a yi shelarsa ba.
Adashi ne na mata goma sha tara,
da magina a gangare masu son abincin rana,
da tsohuwar tanda da muka saya bashi.
Ƙarfe huɗu na asuba burodi ke fita,
ya sauka matakala a kan yaran da muka raina da romo.
Wilmer na biyan wani keken kaɗan-kaɗan.
Ya rage wata bakwai.
Bai zana masa tsuntsu ba tukuna.

Har gobe kwano talatin na fita kyauta.
Teodosia ta ce ranar da aka daina
ta ɗauke tukunyarta.

Ita kuwa ta iskar, gida goma sha ɗaya ta shiga aro.
Bakwai sun tashi.
An taya ta sau uku, na hana.
Mai walda ya yanke mata gindi,
muka rataye ta a bakin rumfa.
Da tsakar rana, in hazon teku ya janye,
nakan ɗauki guntun rodi in buga.
Tana da murya, ashe.
Tudu kaf ya san me take cewa:
an sauke, ku zo da kwano.