Dutsen da Na Saya Ban Gani Ba

Ni Desmond Halloran, a Fremantle na tsufa.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗaure jiragen ruwa a gaɓa,
har igiya ta cinye zanen tafin hannuna.
Ran da kuɗin sallama suka fito
na raba su biyu, na sayi dutse da rabi.
Ba na niƙa ba, ba na zobe ba,
wani tsauni ne can kudancin Greenland
inda rana ke nawar tashi.
Ban taɓa taka shi ba.
Takarda aka miƙo mini: hannun jari dubu arba'in.

Dillali ya ce, yuraniyom na kwance a cikinsa
kamar mai a cikin gyaɗa.
Ya ce duniya na yunwar lantarki,
tashoshin nukiliya sun buɗe baki,
masu tace makamashin kuwa sun ɓata da masu saye,
wannan ya sa takunkumi, wancan ya ja ƙofa.
Ya ce, rigimar manya ribar mai haƙuri ce.
Na gyaɗa kai. Kwaɗayi ya riƙe mini alƙalami.

Sai aka yi zaɓe a can.
Mutanen da ban san sunansu ba
suka tako ƙanƙara, suka jefa ƙuri'a,
lasisinmu ya narke kafin bazara.

A taron masu jari, a wani otal a Perth,
shayi ya huce a kofuna.
Misis Prendergast ta buga sandarta a ƙasa:
fashi ne! Mun haƙa ramukan gwaji da guminmu!
Wani saurayi mai kula da dukiyar wasu
ya raɗa mini: yanzu ne lokacin saye, baba,
kaya ya fi araha ran da mai shi ke kuka.
Lauya ya miƙe, ya gyara wuyan riga,
ya ce za a nemi diyya, shekara biyar, ƙila bakwai.
Nan na gane:
dutse muka saya, ƙara muka gada.

A shafi na tara na rahoton shekara akwai hoto.
Tsaunin ne, baƙi, da hular ƙanƙara.
A gindinsa wani ɗan gida, shuɗi,
da shanya a igiya, da tumaki kamar an watsa auduga.
Na ɗaga hannu: gidan wane ne wannan?
Shugaba ya dubi sakatare.
Sakatare ya dubi agogo.

Da dare na ɗauko gilashin karatu na ƙura wa shanyar ido.
Akwai wando ƙarami, na yaro.
Bronwyn ta leƙo ta kafaɗata, ta ce,
in riba ta zo gidan nan, ƙurar gidan wa za ta?
Na ce, hayaƙin kwal fa, huhun wa ya bari?
Ɗan'uwanki bai kai sittin ba.
Ta yi shiru. Ni ma na yi.
Kowa da gawarsa a bakin harshe.

Farashi na ta hawa a kasuwa,
masu ramuka a Kanada da Kazakistan na dariya,
nawa jarin ya kwanta kamar jirgin da ruwa ya janye ya bari.
Kullum da safe ina buɗe waya,
yatsana ya tsaya a kan "sayar",
kamar mai gwada zafin ruwan wanka.

Ban danna ba.
Ban sani ba ko haƙuri ne, ko taurin kai,
ko kuwa so nake in ci gaba da zama
maƙwabcin wannan shuɗin gida,
da ba su san ina bin dutsensu bashi ba.