Allon Bakin Tagar Kati

A kasuwar Aliero ban taɓa ɗinke buhun albasa ba
sai na faɗi kuɗinsa, mai saye ya taya.
Bara, a Birnin Kebbi,
sai da aka ɗinke Kuluwa
aka miƙo mini takarda.
Buhu tara suka tafi. Har da na iri.

Bana an kafa allo.
Ba ni da boko, ɗiyata ke bi da yatsa:
gado kwana ɗaya, kaza,
ƙarin jini, kaza.
Ni kuwa ina mai da su buhuna a zuci.

Tsadar tana nan.
Amma na ga zurfin rijiya
kafin in zura guga.

Allurar barci fa?
Ta ce, Baba, wurin an bar shi fari.