Marfin Kwalba

Tun asuba muka baro Zuru,
ni da Rahila da autarmu Tabita,
da buhun gari, da man ja a galan,
da daddawar da ta hana fasinja sakat
har direba ya ce a mayar da ita baya.

Azahar ta same mu a gadar Kwalkwalawa.
Ranar Sakkwato ba ta san baƙo ba.
Rima ta janye ta bar wa masu albasa shimfiɗarta,
ga shi can tsaye a bakin hanya,
dogo, da gemun da ban ba shi izini ba.

Uwarsa ta taɓa wuyansa, ta ce ya rame.
Ta buɗe tukunya, ta leƙa ƙarƙashin gado,
ta tambayi inda bargon bara ya shiga.
Tabita ta sami littafi mai zanen ƙasusuwan mutum
ta zauna tana neman nata a jikinta.

Da rana ta yi sanyi na ce, Habila, zo mu miƙe ƙafa.
Rahila ta san irin ƙafar da nake miƙewa,
ta ce, a dai tuna gobe Lahadi.

Shekara ashirin da biyu ina ajiye da wannan dare
kamar takalmin fareti a ƙasan akwati:
ranar da zan sa ɗana a gabana,
in sa a kawo biyu masu raɓa,
in ce masa, yau ka zama mutum, ga ta farko,
daga hannun ubanka.

Abokin ɗakinsa Lawwali ya biyo mu.
Kabu-kabu biyu, har kasuwar mami ta bariki,
inda na taɓa barin albashin kofur a kan benci.
An sake rumfunan, warin kifin bai sake ba.
Lawwali ya ce, Baba, ni lemu nika sha,
ya ja kujerarsa gefe kaɗan,
gwargwadon taku ɗaya, ba ƙari.

Na gyara murya, na ɗaga hannu irin na manya.
Mai rumfar ta iso tana goge hannu a zane,
ba ta dube ni ba.
Ta ce, Habila, kwana biyu! Irin ta kullum?

Janareta na ta kuka a bayan kwano.
Lawwali ya sami aikin karanta jikin kwalbar lemu.
Ɗana ya dubi ƙasa.
Jawabin da na ɗauko tun daga gida
ya koma ciki ya zauna.

Aka kawo. Ba a kawo mabuɗi ba.
Sai ya karkata kai hagu, ya sa haƙorin gefe,
fus, ya tofa marfin a tafinsa,
ya zuba ɗigo uku a ƙasa kafin ya kurɓa.
Ba a jami'a aka koyi wannan ba.
Na san ajin. Na san malamin.
Yaron da ke laɓe bayan turmi yana kallo
ashe ba fitila yake kallo ba.

Ban yi faɗa ba. Da wane baki?
Na ce, nawa kake sha?
Ya ce, ɗaya, Baba, in an gama jarrabawa.
Lawwali ya yi tari.
Muka yi dariya mu uku har kifi ya huce.

Da na laluba aljihu, ya riƙe mini hannu.
Yana gyaran waya, in ji shi, yana da nasa.
Hannun ya fi nawa ƙarfi yanzu.

Litinin a tasha Rahila na ƙirga kaya,
ni kuwa yatsuna sun sami wani abu a aljihu:
marfin nan, da shatar haƙorinsa a gefe.
Har muka wuce Shuni ina juya shi.
Ta ce, me kake ɓoyewa?
Na ce, canji ne.