Allura Biyu a Titin Tahliya

Aikina a asibitin nan na Jidda
miƙa auduga ne da riƙe madubi.
In aka samu 'yar gida wadda Larabcinta bai nuna ba,
ni ce bakin likita.

Ran Talata Hajiya Tasalla ta zo daga Karantina,
bikin autarta saura sati uku.
Ta kwance bakin gyale, ta jera riyal a cinya,
ta ce, "Barira, tambayo min shi, wacce ce tawa?"

Dakta Nizar ya ɗaga kwalba ƙarama kamar ta miski.
Na ce, wannan botos ce, Hajiya,
ba ta cike komai, tsoka take sa wa barci.
Goshin da ke tattarewa in an ambaci kuɗin haya
sai ya kwanta lumui kamar Maliya da asuba.
Takan ɗauki kwanaki kafin ta kama,
bayan wata huɗu ta sake ki,
tamoji su dawo
kamar masu bin bashi da suka riga suka san ƙofa.

Ɗayar kuwa ciko ce, fila ake ce mata.
Kwarin nan da ya gangaro daga hanci zuwa gefen baki
shi ake ɗura wa, kamar yaɓe a tsagar katanga.
Kina kan kujera za ki gani.
Ta fi tsada, ta fi jimawa,
amma takan bar kumburi na kwana biyu,
in hannu ya zarce kuma, kunci ya zama fanke.

Ta daɗe tana kallon madubin da ke hannuna.
"In an sa wa goshina barci,
ranar da za a fita da yarinyar nan
za a gane kuka nake?"

Na juya masa. Ya ɗaga kafaɗa.
Na ce, hawaye za su zubo, Hajiya,
gira ce dai ba za ta taya su ba.

Sai ya kai yatsa kan tsagar da ke kumatunta,
uku nan, uku can, aikin wanzamin Gumel
tun ba ta san sunanta ba.
Ya ce waɗannan ma akwai na'urar da ke dusashe su.
Wannan ban fassara ba.
Ita ma ba ta nema ba, ta dai kawar da hannun a hankali
kamar mai korar ƙuda daga kan tuwo.

"A cike min gefen baki, rabin sirinji,
don masu hoto.
Goshin a bar shi a farke,
da shi zan riƙa yi wa surukai magana."

Na ɗora mata ƙanƙara.
Da allura ta shiga ta damƙe hannuna,
goshin ya tattare,
layi huɗu cif, babu wanda ya yi fashi.