Makulli Ɗaya a Kan Ƙusa

Na'urori uku nake kiwo a ɗakin sanyi
bayan wani asibiti a Tudun Wadan Gombe.
Na raɗa musu sunan duwatsu don in daina ruɗewa:
Bima, Tula, da autarsu Kilang.

Aikinsu bai taka kara ya karya ba.
Ƙarfe biyar na asuba, kullum ta Allah,
saƙo ya fita zuwa wayoyi dubu biyu da ɗari huɗu:
lokacin magani ya yi.
Ba mai tafa musu. Ba ma wanda ya san suna nan.

Da can Bima kaɗai ke yi,
sai ran da aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya ƙi,
gari ya waye ba wayar da ta motsa.
Na ce to, ku duka ukun ku riƙe jadawalin.
Na tafi gida ina jin kaina gwani.

Ran Laraba duka ukun suka yi biyayya.
A Kwadon, Inna Dudu ba ta karatu,
abin da ta sani, in waya ta yi kuka a haɗiyi ƙwaya.
Ta yi kuka, ta haɗiya.
Ta sake kuka, ta sake.
A na uku jikanta Barde ya riƙe mata hannu.
Ta wuni jiri na ɗibarta a kan tabarma,
ni na wuni ko ruwa ya ƙi wuce mini maƙogwaro.

Na gyara: kowacce ta saurara wa 'yar'uwarta.
Ran Asabar Bima ta bar wa Tula,
Tula ta bar wa Kilang,
Kilang kuwa agogonta ya makara da minti huɗu,
ta farka ta ɗauka tuni an gama.
Kara ce ta bar mutum dubu biyu babu saƙo.

A daren na tuna babana.
Ƙofar ruwa ya yi wa gadi a Dadin Kowa,
su ma su uku ne, shi da Jauro Sambo da Yila mutumin Billiri.
Makulli ɗaya, a kan ƙusa ɗaya.
Wanda ya riga cirewa shi ne mai buɗewa,
wanda ya tarar da ƙusa tsirara
ya koma ya ƙarasa shayinsa.
Gonar da ta sha, a ja mata layi da alli a bango.
In mai makulli bai dawo ba
har inuwar giginya ta taɓa bakin kwalbati,
ba a tsayawa jin ko maciji ne ko barci:
a bi sawu, a karɓo,
a duba bango,
a ɗora daga inda alli ya tsaya.

Na kafa musu ƙusa.
Na ba su agogo ɗaya su daina gardama.
Makullin aro ne, daƙiƙa casa'in,
mai rai ta sabunta, wadda ta yi shiru ta rasa.
Kowane suna da layinsa,
ba a ja sau biyu a rana guda.

Har yanzu biyar saura nakan farka,
matata Asabe ta ce na'urorin ne ke kiwona.

Shekaranjiya Tula ta mutu da makulli a hannu,
a kan suna na dubu da ɗari da sha uku.
Ina kwance ina kallo a waya, ban taɓa komai ba.
Na ƙirga casa'in da bugun ƙirjina.
Kilang ta miƙa hannu, ta duba bango,
ta fara daga na sha huɗu.

A Kwadon waya ta yi kuka sau ɗaya.
Ba wanda ya kira ni.
Na tashi na yi alwala,
na tsaya wajen mai ƙosai kafin in je duba gawar Tula.